Su wa za mu sa a filin wasan yanayi?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Ana shirya wa yara filin wasa a Zariya, kowane lungu da yanayinsa, mutane za su sa kaya su fito. Me kuke gani?

Malamar firamare: Wa alaikumus salam. A bi shekararmu: Bazara, Damina, Kaka, Hunturu. Baba Hunturu tsoho ne mai bargo, ƙafa duk kaushi, yana neman man shafawa. Damina ta fito da malafa, Bakan Gizo na biye zai shanye mata ruwa. Amma fuskokin da za su sa su zama na fara'a, in suka yi kama da dodo ƙananan yara kuka za su yi.

Tela, Sabon Gari: Gaskiyarki, Malama. Ni zafi nake jiye wa masu sa kayan. Soson katifa inci 1 ya isa a haɗa kayan, mai kauri yana riƙe zufa. A yi shafi da yadin auduga, a sa raga a bakin fuskar don numfashi, da ƙaramar fanka mai batir a ciki. A Maris da Afrilu kada mutum ya wuce minti 20 bai cire ba.

Mai wayarin: Hazo kuma injin hayaƙi kaɗan-kaɗan, ban da ƙurar gaske, saboda masu asma. Tsawa a girgiza fallen kwano a bayan labule. Fitilar walƙiya kada ta riƙa ƙiftawa da sauri, tana tayar da farfaɗiya.