Ƙurungu zai zauna lafiya da koridoras?

Baban Iman: Salamu alaikum. Ina da akwatin gilashi na kiwon kifi mai lita 80 a falo, nan Yantala, da koridoras uku a ciki, ƙananan kifayen nan masu gashin baki ƴan asalin Kudancin Amurka. Wani masunci a Gamkalle ya ce gobe zai kawo mini ɗan ƙurungu mai rai. In karɓa, ko in ƙaro koridoras? Kuɗin abu ɗaya gare ni. Tarwaɗa dai ba ta cikin lissafi, na san halinta.

Maman Halifa: Wa alaikumus salam. Don Allah Baban Iman kar ka sa tarwaɗa! Ɗana ya kawo mini wata kamar ɗan yatsa, mai sayarwa ya rantse ba ta taɓa kowa. Kullum da safe in ƙirga gupi, ƙananan kifayena na ado, in ga babu ɗaya. Har yarinyar gidana na zarga, na yi mata faɗa tana kuka. Ranar da na kunna fitila tsakar dare na ga wutsiyar na ƙarshe a bakinta. Daga baya ta ture murfin ta fito, a ƙarƙashin kujera muka tsince ta duk ƙura, da ranta. Har yau abin yarinyar nan yana cina.

Ɗan Tabalak: Hajiya, da kin kira ni da tukunya. Mu nan tarwaɗa barkono take so, ba falo ba.

Malam na Harobanda: Allah ya ba da haƙuri Hajiya, duk abin da ya shiga bakin tarwaɗa abincinta ne. Baban Iman, ukun nan naka su ne matsalar. Koridoras kifin garke ne, sai sun kai shida suke sakin jiki su fito kiwo da rana. Ka shimfiɗa musu yashi mai laushi, tsakuwa mai kaifi tana cinye musu gashin baki. Ƙurungun kogi kuma girma yake yi, da dare yake yawo, kuma yana kare maɓoyarsa. Lita 80 ta yi masa kaɗan.

Baban Iman: Na gode Malam. Jika biyu na sayi kowane.

Abu Sadik: Jika biyu? An cuce ka. Jika ɗaya da rabi na saya.

Maman Halifa: Ni jika uku aka ce mini, wai daga Kwatano ake kawo su.

Ɗan Tabalak: Malam, a littafi ka karanta. Ni a bakin tabki na tashi, ƙurungu ba ya faɗa da kowa. Ƙayarsa kawai za ka kiyaye, ta kan sarƙe a raga.

Malam na Harobanda: Tabki daban, gilashi daban, ƙanena. A tabki wanda aka kora yana da wurin gudu.

Abu Sadik: Ku bar gardamar nan. Ni ba ƙurungu ya kashe nawa ba, kuran ne, wato wutar lantarki. Watan Afrilu aka ɗauke tun azahar, famfon iska ya tsaya, ruwan ya yi zafi kamar na wanka. Koridoras sun fi son ruwan da bai wuce digiri 26 ba, mu ko a inuwa muna haura 40. Kafin isha'i duk sun kife.

Maman Halifa: Mu jiya ma haka muka kwana a waje. Abu Sadik, ƙaramin pano na hasken rana zai iya riƙe famfon da dare, ko sai da batir?