Zanen Giotto a Raleigh: ganima ce ko ciniki?

Kawu: Na ga hoton allon bagadin coci da Giotto, mai zanen Italiya, ya zana a birnin Florence wajajen 1310, wai yanzu yana gidan kayan tarihi na jihar North Carolina a birnin Raleigh. Me ya kai shi can? Yadda muke neman a dawo mana da tagullan Benin, haka ya kamata Amurka ta mayar wa Italiya abinta.

Malama: Kawu, ka yi haƙuri, ba ɗaya ba ne. Benin sojojin Ingila ne suka far mata a 1897, suka kwashe kayan fada da bakin bindiga. Wannan kuwa kuɗi aka sa. Samuel Kress, mai jerin shagunan kayan araha, shi ya yi ta sayen zanen Italiya, ya kafa gidauniya a 1929. Kaso mafi tsoka ya tafi Washington, wasu kuma aka raba wa gidajen tarihi 18 a garuruwa irin su Raleigh, El Paso, Tulsa da Birmingham ta Alabama. Yaron da ba zai taɓa taka Florence ba ya ga aikin Giotto a garinsu.

Ɗan Auta: In ganima kake nema, Kawu, ka duba Faransa. Zanen Veronese na Bikin Kana sojojin Napoleon ne suka cire shi daga Venice a 1797, har yau yana gidan tarihi na Louvre a Paris, yana fuskantar zanen Mona Lisa.

Kawu: To, Malama, a hannun wa Kress ya saya? Babban dillalinsa Contini Bonacossi ne, mutumin da ya sayar wa Göring, na hannun daman Hitler, zane lokacin yaƙin duniya na biyu. Irin wannan dillali zan yarda da takardunsa ido rufe?

Malama: Nan kam ka ɗaure ni. Sai dai ko a kasuwa, dillalin da aka kama da akuyar sata ba a ƙwace duk awakin da ya taɓa sayarwa. A bi kowane zane a gano hannun da ya bi, wanda aka samu da matsala a mayar.

Kawu: Wa zai bi? Mai riƙe da kayan?

Ɗan Auta: Kawu, kai da jiya ka ce zanen siffar mutum haramun ne, yau kai ne lauyan Giotto?

Kawu: Yaro, zancen haƙƙi nake yi. Malama ba ta amsa mini ba.