Wa ya taɓa hawan Chappal Waddi a cikinku? Ina biɗar shawara

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina da tambaya, ni da abokaina mu ukku nan Gusau mun ƙudurta in Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara za mu tai Taraba mu hau Chappal Waddi, wanga dutsin da aka ce duk Najeriya babu wanda ya kai shi tsawo, mita 2,419, cikin gandun dajin Gashaka Gumti. Gaskiya ni iyakar hawan da na taɓa yi shi ne Kwatarkwashi tun muna sakandare, shi ma rabi muka kai muka juyo don ƙishirwa. To wanda ya san wurin ya taimaka, ta ina ake bi, kwana nawa ake yi, kuma mi za mu riƙa? Tsohuwarmu dai ta ce wanga ba komi ba ne sai neman wahala da kuɗinka.

Bakabe:
Wa alaikumus salam. Ni na yi bautar ƙasa a Gembu kuma na hau shi sau ɗaya, don haka bari in gaya maka abin da na gani da idona. Hanya doguwa ce wallahi, daga Gusau sai Funtua, Zariya, ka ɓulla Bauchi da Gombe ka gangara Jalingo, daga nan Bali sannan Serti, to kada ku yi lissafin kwana ɗaya. A Serti ofishin gandun yake, ku tsaya can ku nemi izini a haɗa ku da ma'aikacin daji, kada ku ce za ku shiga kai tsaye don dutsin bakin iyakar Kamaru yake, mutum na iya wucewa wata ƙasa bai sani ba.

Mu ta Mambila muka bi, wajen Nguroje, muka ɗau 'yan acaɓa har inda babur ya gaza sannan muka kama ƙafa. Abin da ya ba ni mamaki ba irin dutsinmu na nan ba ne da za ka riƙa dafa falalen dutse da hannu, tudu ne bisa tudu duk ciyawa, ka hau wannan kana murna ka iso sai ka hangi wani ya fi shi, ga rugagen Fulani da shanunsu can sama suna kiwo hankali kwance kai kuwa kana haki kamar ranka zai fita. Sanyi kuwa ba a magana. Ni ɗan Birnin Kebbi da na saba da zafin bazara, na tai da 'yar suwaita guda wai na shirya, daren nan ban runtsa ba, da asuba ruwan alwala kamar ana yanka ni da reza. Ku riƙi bargo da rigar sanyi mai kauri da safa da hular sanyi. Kuma saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kwana biyu na yi ina sallah zaune.

Lokacin da kuka zaɓa ya yi, Disamba zuwa Maris rani ne. Da damina koguna kan cika, hanya ta zama taɓo.

Hajiya 'Yar Zuru:
Ɗana ka ji maganar mahaifiyarka da kunnen basira, amma ni ba zan hana ka ba. Shekarar da na sauke farali na hau Jabalun Nur don in ga kogon Hira, matakala ce fa aka yi, amma sau nawa na zauna ban iya ƙirgawa ba, kuma silifas ɗin da na sa su suka so kashe ni. Ku sayi kambas mai ƙarfi ku fara yawo da shi tun yanzu ya saba da ƙafarku, sabon takalmi ranar tafiya kumburi ne kawai. Ku riƙi dabino da ƙuli-ƙuli da garin kwaki, ba su da nauyi.

Na Bunguɗu:
Hhhh mutumin da rabin Kwatarkwashi ya kora shi ne zai hau na ɗaya a Najeriya. Wasa nike yi abokina. Amma in kuna tunanin zuwa Kwatarkwashi don motsa jini, kada ku tashi haka kawai, kun san halin da ake ciki na 'yan bindiga, ku fara tambayar mutanen garin. Ni da za ku ji tawa, ku cika jakar goyo da robobin ruwa ku riƙa zagaya gari bayan sallar asuba, wata biyu a jere.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya in sha Allahu gobe zan shiga kasuwa neman kambas. Malam Bakabe, can sama akwai sabis na waya kuwa? Don tsohuwa ta ce in ba za ta riƙa jin muryata kullum ba to babu inda za ni.

Bakabe:
Gara ka fara lallashinta tun yau, don mu muna barin Nguroje wayoyinmu suka koma tocila.