Me za mu ce da "alibi" a Hausa?

Mai Shiri: Assalamu alaikum. Ranar Juma'a zan gabatar da shirin rediyo kan Columbo, fim ɗin talabijin na Amurka game da ɗan sanda mai bincike mai wannan suna, kashin "Murder by the Book" na 1971, wanda Steven Spielberg ya ba da umarni tun yana matashi. A labarin, marubuci Ken Franklin ya yaudari abokin rubutunsa Jim, ya kai shi gidan hutunsa nesa da Los Angeles, ya sa shi ya buga wa matarsa waya ya ce yana ofis, sannan ya harbe shi matar tana ji. Sai kowa ya ɗauka a ofis abin ya faru, shi kuwa Ken yana can nesa. Daɗin labarin shi ne yadda Columbo ke bin ƙaryar a hankali, har wainar ƙwai ya soya wa matar yana yi mata tambayoyi. Kalmar alibi, wato nuna cewa mutum yana wani wuri lokacin da aka aikata laifi, ita ce ta tsaya mini.

Hajiya: Wa alaikumus salam. Uzuri fa?

Lauya: Hajiya, uzuri na wanda ya amsa laifi ne yana neman sassauci. Ken cewa yake ba ya wurin ma. Ni "hujjar ba na nan" zan ce.

Malamin Hausa: Hujja Larabci, uzuri Larabci. Sai yaushe za mu daina aro? Na daɗe ina koya wa ɗalibaina "banananci", kamar yadda muke da gulmanci.

Ɗan Damagaram: Allah gafarta Malam, wa ke cewa gulmanci? Kuma kalmar ba ta Ingilishi ba ce, daga Latin take, ma'anarta "a wani wuri". Faransanci ma aronta ya yi. Mu ce alibi kawai.

Malamin Hausa: Wannan shi ne raina kai. Don Bature ya yi aro sai mu bi sahunsa?

Lauya: Malam, alƙali da shari'a da shaida duk aro ne, kuma kakanninmu da su suka yi hukunci. Ba su rage wa Hausa daraja ba.

Hajiya: Mai sauraro a kasuwa in ya ji banananci zai zaci sunan wani yare ne.

Malamin Hausa: Kowace kalma da baƙunta ta fara.

Mai Shiri: Na gode ƙwarai. Zan ce "hujjar ba na nan", in kuma ambaci alibi sau ɗaya a farko.

Malamin Hausa: To, don shirin Juma'a na haƙura. Amma jimla ce wannan, ba kalma ba. A ajina banananci zan ci gaba da cewa.