Abin da Iyaye da Malamai Suka Tattauna kan Neman Gurbin Jami'a a Zariya

A wani zama da iyaye da malaman sakandare suka yi a Samaru, an fi daɗewa a kan zaɓen darussa, domin a nan ne yara da dama ke yin asarar shekara guda. Jarrabawar shiga jami'a ta JAMB darussa huɗu ce, Turanci dole ne, kuma jimillar makinta 400. Mai son karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello sai ya haɗa da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, wanda kuwa ya sa darasin da bai dace da kwas ɗinsa ba, ko makinsa ya yi yawa ba zai amfane shi ba. A ganina wannan gargaɗi ya kamata a fara yi wa ɗalibi tun yana aji huɗu na sakandare.

Malamai sun jaddada cewa sai an sami kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi, kuma sunan ɗalibi da ranar haihuwarsa su zo daidai da abin da ke kan lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, domin gyara daga baya yana cin lokaci da kuɗi.

Wani uba ya tuna wa mahalarta cewa samun gurbi ba ya tabbata sai ɗalibi ya amsa tayin a CAPS, wato shafin intanet da JAMB ke ba da gurbin karatu ta cikinsa. Wanda bai dace ba a wannan karo yana iya shiga shirin share fagen jami'a na IJMB ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, daga baya ya nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu.