Wai sauya wa yaro sakandare saboda layin taswira ne ke tada jijiyar wuya haka?

Baban Khalifa:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare ƙanena da ke Amurka ya kira ni ransa a ɓace, wai hukumar makarantun yankinsu ta sake zana taswira, layinsu ya fita daga sakandaren da ɗansa yake ya faɗa wata daban, kuma fa ba tashi suka yi ba, gida na nan inda yake, zanen kan takarda ne kawai ya matsa. Ya ce iyaye sun cika ɗakin taro har da masu kuka. Ni dariya ma ta so kama ni, na ce ba duka na gwamnati ba ne? Sai ya ce Yaya ba za ka gane ba. To masu sani ku fahimtar da ni. Kuma da za a kawo tsarin nan Jos, a ce kowa makarantar unguwarsa dole, gyara ne ko ɓarna?

Dan Dilimi:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa ba abin dariya ba ne wallahi. Can adireshinka ne ke zaɓa wa ɗanka makarantar gwamnati, kuma kaso mai tsoka na kuɗin makarantu daga harajin gidaje yake fitowa, shi ya sa yankin masu hali makarantarsu ke fin ta talakawa. Mutum zai ci bashi ya sayi gida da tsada don makarantar kawai, rana ɗaya a ce an matsar da layi, ka ga har darajar gidan ta taɓu. Ga kuma maganar launin fata, a 1954 kotun ƙolinsu ta haramta ware makarantun baƙaƙe da na farare, amma da yake unguwannin a ware suke sai taswira ta ci gaba da yin aikin. A Boston a 1974 da alƙali ya ce a riƙa ɗibar yara a bas ana kai su makarantun wasu unguwanni don a cakuɗa, har jifan motocin aka yi da duwatsu. Sannan uba a makarantar ya gama, ɗa ma a cikinta yake, ƙungiyar ƙwallon makarantar ita ce ta gari gaba ɗaya.

Kawu Sale:
Yaro kana tambaya da za a kawo, ai an daɗe da kawowa, takarda ce dai ba a buga ba. Ni na yi sakandare a garin nan tun kafin a raba ƙaramar hukumar Jos a 1991. Bencinmu mu uku ne, ni da wani ɗan Birom da wani Inyamuri da babansa ke da shago a Taminus, biro ɗaya muke karɓa-karɓa in na wani ya ƙare. Da Kirsimeti uwar ɗan Birom ɗin nan takan ce in zo da wuri in yanka musu kaza da hannuna don in samu in ci, da Sallah kuma shi ne farkon zuwa gidanmu cin nama, har mahaifiyata na ce masa ɗan gida. Daga rikicin ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001 komai ya juya, aka sake a Nuwamban 2008, aka sake a Janairun 2010, kowa ya kwashi kayansa ya koma cikin nasa. Yau wane uba ne a Gangare ko Anguwan Rogo, unguwannin Musulmi, zai tura ɗansa makaranta a Anguwan Rukuba ta Kiristoci ya yi barci da ido biyu rufe? Haka su ma can ba mai turo nasa nan. Jikana yana SS2, na tambaye shi sunan aboki ɗaya wanda ba Musulmi ba, ya yi ta sosa ƙeya, daga ƙarshe ya kira min sunan malamin lissafinsu. Abin ya tsaya min a rai har yau. In aka ce dole makarantar unguwa, hatimi kawai aka buga wa rabuwar.

Maman Ihsan:
Kawu Allah Ya ƙara girma, gaskiya ka faɗa, amma ni ina koyarwa kuma ina ganin ɗaya gefen. Yarinyar da sai ta hau keke biyu kafin ta iso, ran da babu kuɗin keke ba ta zuwa, lokacin hunturu da sanyin Jos ɗin nan ana fara darasi na biyu take shigowa, in an ji ƙishin-ƙishin a gari kuwa uwarta ba za ta bar ta ta leƙa ƙofa ba. A hankali sai ka ji an ce ta daina. Ni a ba ni makaranta mai kyau kusa da gida tukuna, mai benci da malaman kimiyya, cakuɗar a yi ta a gasar kacici-kacici da wasanni.

Kawu Sale:
Malama gasar wuni ɗaya ba ta kai zaman benci na shekara shida ba. Amma na ji ki, ni ma 'ya'ya mata gare ni.

Dan Dilimi:
In za a zana, a ɗora makarantar a kan iyaka, wajen Farin Gada misali, inda kowane ɓangare ke shiga kasuwa ba fargaba, a ɗebo yara daga nan da can. Matsalar wa zai riƙe alƙalamin, don a garin nan ko rumfar zaɓe aka matsar sai an yi ta ƙorafi.

Baban Khalifa:
Na gode ƙwarai. Bari in kira ƙanen nawa in ba shi haƙuri, ashe ni ne ban gane ba. Kawu, abokin naka ɗan Birom kuna gaisawa har yanzu?

Kawu Sale:
Yana Bukuru. Mukan yi waya, bara ma ya kira ni da Babbar Sallah yana tambayar kasonsa na nama. Gidan dai ban ƙara zuwa ba.