Ina ake samun masu OT a Kano? Yarona na da galahanga

Maman Abba, Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Ɗana shekararsa biyar, likitan yara ya tabbatar mana yana da galahanga, irin wadda ake ce wa otizim. An gwada kunnensa, ras yake ji. Likitan ya rubuta mana mu nemi masu OT, wato masu horar da yara ayyukan yau da kullum, amma ranar mutane sun cika, ban samu na yi masa tambaya ba.

Ga halin da muke ciki. Abba ba ya cin komai sai busasshen abu: biskit, gasasshen burodi, taliya ba miya. Tuwo ko kallonsa ba ya yi. In maƙwabta suka tada injin markaɗe sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin gado. Aski kuwa yaƙi ne, sai Babansa da ƙanin Baban sun danne shi. Har yanzu da famfas yake kwana yake wuni, shi ya sa Islamiyyar unguwa suka ce mu dakata tukuna.

Me masu OT ɗin nan suke yi? Su ne masu gashin ƙashi? Ina zan same su a garin nan? Kuma Hajiyarmu ta dage sai an ci gaba da ruƙiyya, ni kuma ba na son saɓa mata.

Anti Mai OT, Tarauni:

Wa alaikumus salam Maman Abba, sannu da ƙoƙari. Wannan shi ne aikina, bari in yi miki bayani yadda nake yi wa iyaye.

Mu daban, 'yan fisiyo, wato masu gashin ƙashi, daban, duk da sau da yawa ƙofarmu na kusa da tasu. Su sun fi kula da ƙarfin gaɓoɓi, zama da tafiya. Mu abin da ya dame mu shi ne yaro ya iya ci da kansa, ya sa riga, ya shiga bayi, ya riƙe fensir, ya zauna cikin yara. Magana kuma akwai masu koyar da ita, su ma fanninsu daban, ki roƙi likita ya haɗa ki da su. In faɗa miki gaskiya tun yanzu: OT ba ya raba yaro da galahanga. Yana koya masa rayuwa da ita, kuma yara da yawa suna cin gaba sosai.

Duk abin da kika lissafa, injin markaɗe, aski, ƙin miya, galibi tushensu ɗaya. Yawancin yaran nan ƙara da taɓawa da laushin abinci suna isa ƙwaƙwalwarsu da ƙarfin da ya wuce namu. Ba taurin kai ba ne, kuma duka ba ya gyara shi.

Ranar farko ba wata na'ura za a sa masa ba. Za a zauna da ke a yi ta tambaya, a zuba masa kayan wasa a ga yadda yake kama abu, me yake gudu, me yake nema. Daga nan ku zaɓi abu biyu ko uku kawai. Misali wando: ba a fara koya masa daga farko. Ke za ki sa masa ƙafafu ki ja har cinya, shi ya ƙarasa ja zuwa ƙugu, ki yaba masa nan take. In ya ƙware, ki tsaya a gwiwa. Haka ake ja da baya har ya iya duka, kuma kullum shi ne mai kammalawa, sai ya ji daɗin kansa. Abinci ma hawa-hawa ne. Ki ajiye ɗan tuwo a wani faranti kusa da taliyarsa, kada ki ce ya ci. Ya saba ganinsa, ya taɓa da yatsa, ya sansana, ya lasa. Wannan na iya cin makonni. Ɗura kuwa mayar da aiki baya take yi. In kin ga yana ramewa, a koma wa likita a haɗa da masu ba da shawarar abinci.

Maganar bayi, ki ɗauki hotunan bayinku da waya a wanke miki: ƙofa, cire wando, tsuguno, buta, wanke hannu. Ki liƙa su a jere daidai tsayinsa, ki riƙa kai shi a lokuta sanannu, musamman bayan cin abinci. Sun fi gane hoto a kan dogon bayani.

Inda za ki nema: tunda kina Gwammaja, asibitin ƙashi na Dala na kusa da ke, ki je da takardar likitan ki tambayi sashen OT ko suna karɓar yara irinsa. Sai asibitin Malam Aminu Kano a titin Zariya, ta sashen yara ko na lafiyar ƙwaƙwalwa. Wanda bai da takarda tukuna yana iya farawa daga asibitin yara na Hasiya Bayero ko na Murtala a tura shi gaba. Mu kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan, wuraren koyon aikin ma tsiraru ne, irin makarantar tarayya da ke Oshodi a Legas da jami'ar Ile-Ife, don haka kada ki yi mamaki in an ba ki rana mai nisa. In mai zuwa gida za ki ɗauka, ki nemi ganin lasisinsa na hukumar MRTB, wadda aka kafa a 1988. Ita ke yi wa mu da 'yan fisiyo da masu koyar da magana rajista. Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba.

Abin da na fi so ki riƙe: abin da zan yi da yaro bai wuce awa guda ba, sauran mako yana hannunki. Kada ki yarda a bar ki a waje a kan benci. Ki shiga, ki gani, ki gwada a gaban mai horon, ya gyara miki hannu.

Baban Ummi, Hotoro:

Maman Abba, tawa 'yar ta kai tara yanzu. Duk abin da Anti ta faɗa haka yake, ƙari kawai zan yi.

Kuɗin mota ya fi kuɗin ganin ma'aikaci cin mu, domin Ummi ba ta jure cunkoson adaidaita, sai mun ɗauki shata. Muka roƙa aka rage mana yawan zuwa, aka rubuta mana aikin gida a littafi. Mamanta na ɗaukar ɗan bidiyo a waya in tana cin abinci ko tana fushi, mu nuna in mun je. Ya fi bayanin baki nesa ba kusa ba, don a asibiti yaro kan canza hali.

Aski ku daina danne shi. Ɗan maƙwabcina haka yake, uban ya sayi injin askin ya bar masa a kashe yana wasa da shi, daga baya ya riƙa kunnawa daga nesa, sannan a bayan hannunsa. Kafin ya saba, almakashi suke sa masa yana kallon waya. Askin ba ya kyau, amma wa ya damu.

Sai masu maganin da za su yi ta nemanki. An sayar mana da wasu robobi masu tsada wai suna wanke ƙwaƙwalwa, ko suna babu a jiki. Kuɗin ya tafi, yarinya ta sha gudawa. Wasu kuma za su ce allurar rigakafi ce ta jawo. Binciken da ya fara yaɗa wannan zance a Ingila a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, an kuma soke lasisin likitan. Ku ci gaba da yi wa ƙannensa rigakafinsu.

Batun makaranta, akwai dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Amma ni ban je da doka ba. Na sami shugaban makarantar na ce Ummi ta riƙa zuwa na ɗan lokaci da safe, yayarta na zaune gefenta.

Malama, Ƙofar Na'isa:

Maman Abba, kada ki ja da Hajiya. Addu'a da tofi ba su hana zuwa asibiti, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani. Abin da ba za ki yarda da shi ba shi ne duka, ɗauri, ko turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki. Dabara kuma, ki tafi da ita ranar ganin mai OT ta ji da kunnenta. Kaka in ta gane, ta fi kowa haƙurin zama da jika a kan faranti.

Maman Abba, Gwammaja:

Allah Ya saka muku da alheri, wallahi na ji sanyi. Babansa ya ce Litinin za mu fara leƙa Dala da takardar, kuma Hajiya ta yarda za ta bi mu. Anti, cikin bayi da abinci wanne zan ce a fara da shi? Ni dai bayin ya fi damuna saboda Islamiyya.

Anti Mai OT, Tarauni:

Ki faɗa musu haka ɗin, abin da ya fi damun gida da shi ake farawa. Kafin Litinin ki riƙa rubuta lokacin da yake jiƙa famfas da lokacin da yake bayan gida, da ko yana shan wuya wajen yi. Masu cin busasshen abinci sukan yi fama da taurin bayan gida, in akwai shi sai likita ya fara magance wannan.